Yadda Ake Gyara Gidan Injin Mota Ya Yi Sumul, a Sake Masa Fenti

Kawuna yana da Cressida ƙirar 1992, fara, mai injin 22R, wadda ya fi shekara ashirin yana zirga-zirga da ita tsakanin Jidda da Makka. Jikinta a waje tas, don bai taɓa wasa da wanki ba. Ranar da ya kawo ta warsharmu bai yarda an ɗaga bonet ba sai da ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ka gan ta nan kamar amarya, amma ba na son a buɗe gabanta cikin mutane." Da na ɗaga sai na gane. Baƙin mai ya haɗu da ƙura ya daskare kamar kwalta, fentin da ke ƙarƙashin tukunyar man birki ya saɓule, kujerar batir kuwa ina danna ta da babban yatsa ta rufta. Ga huji sun fi ashirin, duk mai wayarin da ya taɓa ɗaura hon ko ƙarin fitila ya huda nasa ya tafi.

Mako uku muka yi a kanta, kuma cikin mako ukun nan feshin fenti bai ci wuni guda cikakke ba. Sauran duk kwancewa ne da wanki da walda da guga. Na faɗi haka tun farko don mai niyyar aikin ya san inda wahalar take. Wurin da inji ke zama, wanda Larabawan nan ke kira haudul makina, ni kuma nake ce masa gidan inji, ya fi kowane sashe na mota wuyar fenti. Zafi na dukansa kullum, mai na ɗiga a kansa, ga lungu da saƙon da hannu ba ya shiga. Ha'incin da aka binne a ƙarƙashin fentin ƙofa yana iya shekara biyar bai fito ba. A gidan inji kuwa, da zafin Jidda da gishirin Bahar Maliya, bazara ɗaya ta isa ta tona shi.

Kafin a kwance ko noti ɗaya

Fara da takarda. In motar tana da tabon karo a gaba, warsha mai lasisi ba za ta taɓa ta ba sai da izinin gyara daga Murur, wato 'yan sandan hanya na Saudiyya, wanda yanzu ake nema ta Absher, manhajar gwamnati. Launi kuma, shawarata ka bar shi daidai da na jikin mota. Sannan ka nemo lambar shasi ka san inda take. A tsofaffin Toyota da yawa an buga ta ne a jikin bangon ƙarfen da ya raba inji da ƙafafun direba, akwai kuma wani ɗan faranti mai ɗauke da bayanan mota, a ciki har da lambar launi bayan harufan C/TR. Lambar shasi ita ake dubawa ranar fahas, wato ranar da hukuma ke duba lafiyar mota. Injin guga kada ya kusance ta, ma'ajun, wato bodi fila, kada ya hau ta, fenti ma shafa ɗaya mai sirara ta ishe ta. In ta dushe ko ta yi kama da wadda aka taɓa, ka jawo wa mai mota tambayoyin da bai shirya amsarsu ba.

Sai tambayar da kowa ke yi: dole ne a fitar da inji? In wanki da ɗan rufe tabo kake so, a'a. In sumul kake so, dole ne. Na ga masu naɗe inji da jarida su fesa abin da idonsu ya gani, daga nesa ya yi kyau, in ka leƙa ƙasa ka tarar da tsohuwar tsatsa tana nan tana cin abinta. Ni ba na karɓar irin wannan aikin.

Kwancewa

Ɗauki waya ka yi hoto, ka yi ta yi har ka ga kamar ka wuce gona da iri. Kowane tiyo, kowace waya, inda ta bi da inda ta ɗaure. Bayan mako uku ƙwaƙwalwa ba ta tuna ko wayar nan ta bi ta saman bututun birki ko ta ƙarƙashinsa. Cire kan batir na ƙasa, mai alamar ragi, kafin na wuta. Juye ruwan lagireto da man birki da man sitiyari. Iskar AC kada a sake ta a sarari, a kira mai injin zuƙewa ya kwashe ta, a toshe bakin bututun nan take don danshi kada ya shiga.

Daga nan a ɗaga inji da giya. Bayansu lagireto, batir da kujerarsa, akwatin fis, tukunyar birki da tulun iskar da ke bayanta, injin waifa, duk wani abu mai noti. Kowane rukunin noti ya shiga ledarsa da rubutu a jiki. Damin wayarin, wanda a nan ake ce wa dafira, a tura shi cikin mota ta hujin da ya fito in zai koma, in ba zai koma ba a naɗe shi a rataye. Ƙafafun gaba da sitiyari ka bar su a ɗaure, domin za ka buƙaci tura motar, wataƙila ma a ɗora ta a satha, motar ɗaukar mota, zuwa ɗakin feshi.

Abin da ya ruɓe ya wuce gyara, kamar kujerar batir ɗin kawu, ka rubuta shi tun yanzu. Tashlih, wato inda ake sayar da kayan matattun motoci, ba ya rasa tsofaffin Toyota, amma nema yana cin kwanaki, gara a fara da wuri.

Wanki, kuma a nan aikin ke ci ko ya faɗi

Kada samfefa ta taɓa ƙarfen nan sai an wanke shi. Dalili kuwa, samfefa ba ta cire mai, tura shi take yi cikin tsagin da ta yi, ya kwanta a can yana jiran fenti. Ina sabon koyo na yi wannan kuskuren a gidan injin wata tsohuwar Datsun. Na goge ta ƙal, na share, na fesa. Kafin in ajiye bindigar feshi, fentin ya fara buɗe ƙananan ramuka ko'ina kamar zanzana. Mu'allim ɗinmu ya zo ya duba bai yi faɗa ba, ya miƙo mini ƙarfen kankara ya ce, "Yaro, mai ba ya mutuwa a ƙarƙashin fenti. Sauke shi duka." Kwana huɗu na yi ina sauke abin da na fesa cikin rabin sa'a.

Ga yadda ake yi. Kankare daskararren maiƙo da ƙarfe mai faɗi tukuna. Fesa ruwan narkar da maiƙo, ka bar shi minti goma ba tare da ya bushe ba, ka bi shi da burushi, ka ɗauraye da injin wanki mai ƙarfi, ruwan zafi in akwai. Masu amfani da kananzir ko dizal ba su yi laifi ba a zagayen farko, amma su kansu mai ne, dole sabulu ya biyo bayansu. Ana maimaitawa sau uku ko huɗu. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ruwa: watsa shi a jikin ƙarfe, in ya kwanta shimfiɗe wurin ya fita, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo akwai sauran maiƙo.

Wuri biyu na son kulawa ta daban. Ƙarƙashin batir akwai ruwan batir da ya jima yana cin ƙarfe, a dama hodar bikarbonat da ruwa a zuba, a bar ta ta gama kumfa, a ɗauraye, a sake har ta daina kumfa. Ƙarƙashin tukunyar birki kuma man birki ya jiƙa fenti har ƙasa, shi ruwa ke wanke shi, amma duk fentin da ya taɓa sai an sauke shi har ƙarfe.

Akwai wani abu da masu wankin mota ke fesa wa inji don ya yi ƙyalli, mai silikon. Shi ne babban abokin gabar fenti. In ka san motar ta saba shan wannan, ƙara zagaye biyu.

Ka zura tiyo cikin hannuwan shasi biyu da suka miƙo gaba, ka ga abin da zai fito. Motocin da suka sha ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009, ko ta Nuwamban 2022, har yau akwai masu ɗauke da busasshen laka a ciki, kuma lakar nan ce ke riƙe danshi tana cin ƙarfe ta ciki. Bayan wanki a busar da iskar kwamfaresa, musamman inda ƙarfe ya hau kan ƙarfe.

Sauke tsohon fenti

Ba ko'ina ake kai wa ƙarfe ba. Fentin kamfani da ke riƙe gam, babu tsatsa a ƙarƙashinsa, shimfiɗa ce mai kyau, a dusashe shi da samfefa lamba 180 zuwa 320 a bar shi. Inda ya kumbura, ko ya tsage, ko za a yi walda, nan ake sauka da lamba 80 har ƙarfe ya yi fari, a wuce bakin tsatsar da kamar faɗin yatsa uku. Lunguna sai burushin waya a bakin diril. Feshin yashi yana fitar da tsatsa daga ramukan da samfefa ba ta kai wa, amma yana lanƙwasa ƙarfe mara kauri in mai yi bai ƙware ba, kuma yashin yana shiga duk hujin da ba a toshe ba. Tsohuwar roba mai rufe haɗin ƙarfe, in ta bushe ta tsage, a ɓamɓare ta duka, don tsatsa a ƙarƙashinta take ɓuya.

Huji da walda

Yanzu ka zauna da hotunan nan da alli a hannu. Duk hujin da wani abu zai koma cikinsa ka zagaye shi, wanda ba shi da aiki ka sa masa alama. Ka bi sau biyu, a rana biyu daban. Toshe hujin da ake buƙata yana nufin huda sabon fenti da diril daga baya, kuma babu abin da ya fi wannan ciwo.

Akwai abubuwan da ba a taɓawa komai son sumul, kada garin neman gira a rasa ido. Hujin da ke ƙasan lunguna na fitar ruwa ne, in ka toshe shi ka gina wa tsatsa tafki. Lanƙwasa da ƙwarin da ka gani a hannuwan shasi kamfani ne ya yi su da gangan, don ƙarfen ya naɗe a nan ranar karo maimakon ya turo inji kan mutane. Ba a cike su, ba a ɗora musu faranti. Ɗigon waldar kamfani da ke kewaye da tulluwar da shokazoba ke ɗaurewa, su ke riƙe nauyin gaban mota, ba a goge su don a sami santsi.

Huji kuwa da ƙarfe ake toshe shi. Wata mota ta taɓa zuwa mana daga wata warsha, an cusa raga a hujin an shafe da ma'ajun. Wata shida kacal, kowane huji ya fito da zobensa a jikin fenti, wasu sun faɗa ciki. Ma'ajun yana shan danshi ta baya, ƙarfe kuma yana buɗewa da tsukewa da zafi, ba za su zauna lafiya ba.

Ƙaramin huji, wanda bai wuce milimita 6 zuwa 8 ba, ana cika shi da walda kai tsaye. Dabarar ita ce a tokare bayansa da jan ƙarfe, don walda ba ta kama jan ƙarfe. Mu guntun bututun AC na gida muke bugewa da guduma ya yi faɗi, mu lanƙwasa masa mariƙi. Wanda ya fi haka girma sai a yanko masa faci daga ƙarfe mai kauri ɗaya da na wurin, yawanci milimita 0.8 zuwa 1, a yanka shi daidai bakin hujin ya zauna a ciki baki da baki, maganaɗisu na riƙe da shi. Kada a ɗora faci a kan ƙarfe, tsakaninsu ruwa zai kwana.

Waldar MIG, wadda injinta ke turo siririyar waya da kansa, mai waya milimita 0.6, ita ce ta wannan aiki. Waldar sanda, irin ta masu ƙofa da taga, huda ƙarfen mota take yi. Kuma ba a jan layi. Ɗigo ɗaya a nan, ɗigo ɗaya a ɗaya gefen, a hura iska ya huce har ka iya ɗora tafin hannu, a sake. Haka za a yi ta zagayawa har ɗigon su haɗu. Mai gaggawa zai tara zafi wuri ɗaya, bangon ya kumbura ko ya lotsa, ya koma neman ma'ajun mai kaurin da bai kamata ba. Gogewa ma haka, kan waldar kaɗai ake ci, da faifai lamba 40 sannan 80, ana ɗagawa ana barin wurin ya huce. Ƙarfen da ke kewaye bai kai kaurin farce biyu ba, in ka cinye shi ba ya dawowa. Da ka gama, haska tocila ta baya, duk inda haske ya ratso akwai ƙofar allura, a sake ɗiga mata.

Maganar wuta ba ta wasa ba ce. Bayan bangon nan akwai kafet da auduga da wayoyi, a ɗage su kafin walda, a sa mutum ya zauna cikin mota da abin kashe gobara a hannu. Bututun fetur a cire shi ko a toshe shi a nesanta shi. Kuma kada a goge wurin walda da feshin wanke birki, domin wasu irinsa na ɗauke da kulorin, zafin walda kuma yana mai da shi iska mai guba da ake kira fosjin, kaɗan ɗinta yana lalata huhu.

Asas na farko da ma'ajun

A Jidda ƙarfe tsirara ba ya kwana. Ka goge shi da yamma, da safe ka tarar ya yi ja-ja. Saboda haka ranar da aka gama walda, ranar ake rufe shi. A goge da ruwan cire maiƙo na masu fenti, tsumma biyu a hannu: ɗaya jiƙaƙƙe yana shafawa, ɗaya busasshe yana binsa kafin ya bushe. Sai a fesa asas, wato fentin shimfiɗa, nau'in ifoksi, shafa biyu. Shi ne ke kama ƙarfe ya hana danshi isa gare shi. A bar shi ya kwana, a ɗan dusashe inda ma'ajun zai hau da lamba 180. Akwai wani asas mai ruwan asid da ake sayarwa a gwangwanin feshi, ma'ajun ba ya zama a kansa, kada a haɗa su.

Ma'ajun, wanda a gida Nijeriya ake ce wa bodi fila, aikinsa daidaita abin da ya rage bayan walda, ba gini ba. In kaurinsa ya wuce milimita 3, koma ka gyara ƙarfen da guduma. Jan maganin da ke busar da shi kashi 2 cikin 100 ake sawa. A ido, in ka zuba ma'ajun ya kai faɗin tafin hannu, layi ɗaya siriri daga gefe zuwa gefe ya isa. In ya yi yawa, bayan watanni zai huda ya fito a jikin farin fenti launin rawaya. In ya yi kaɗan, ba zai taɓa bushewa har ciki ba. A kan faranti mai tsabta ake haɗawa, ban da kwali, ana ninkewa ana dannawa maimakon juyawa, don iska kada ta shiga.

Lokacin aiki da aka rubuta a gwangwani an auna shi ne a zafin digiri 20. A bazararmu, da zafi ke kusantar 40, minti huɗu ko biyar ɗin nan suna komawa biyu. Don haka haɗa kaɗan-kaɗan. Shafar farko a danna ta da ƙarfi ta shiga tsagin, ta biyu ta cike. Da ya fara kamawa a ɗauke hannu, jan sa bayan nan yaga shi yake yi.

Guga ita ce mafi tsawon aikin, kuma ita ce sumul ɗin da ake magana. Lamba 80 ta fitar da siffa, 120 ta bi, 180 ta share sawun waɗanda suka gabata. Kada a tsallake lamba, sawun 80 yana fitowa a fenti ko bayan wata uku. Ma'ajun a bushe ake gogarsa, ruwa ba ya taɓa shi. Yatsu tsirara suna barin kwari, don haka a naɗe samfefa a katako a fili, a guntun tiyo a lanƙwasa, a sandar fenti a lungu. Kafin kowane zagaye a fesa baƙin fenti sama-sama kamar ƙura. Inda baƙin ya rage bayan guga akwai kwari, inda ƙarfe ya leƙo akwai tudu. Ni nakan rufe ido in bi wurin da tafin hannu da siririn tsumma a tsakani, hannu yana jin abin da ido bai gani ba. Bangon Cressidar kawu sau biyar na shafa na goge kafin hannuna ya yarda.

In siffa ta fito, duk inda ƙarfe ya bayyana a sake taɓa shi da ifoksi. Sai asas mai kauri na 2K, wato mai haɗi da maganin taurarewa, shafa biyu zuwa uku da bindiga mai baki milimita 1.7 ko 1.8, a bar shi ya bushe sosai, a goge da 320 sannan 400. In launin mai ƙyalƙyali ne a kai 600.

Sannan a mayar da robar haɗi a duk inda aka ɓamɓare ta, nau'in da fenti ke hawa, na foliyuritan. Silikon ɗin banɗaki bai da wuri a nan. A manna tef gefe biyu na haɗin, a matsa robar, a shafe da yatsa cikin safar hannu, a cire tef tun tana ɗanya, layin zai fito miƙaƙƙe.

Ranar feshi

Rufe duk abin da ba ya son fenti: gilashi, madigadi, ƙafafu, farantin bayanan mota. Bututun birki da wayoyin da suka rage a naɗe su da takardar alminiyam ta girki, tana bin kowace lanƙwasa kuma ba ta faɗuwa. Ramin noti a cusa masa tsohon noti ko guntun tef. Inda wayar ƙasa, wadda ke haɗa wuta da jikin mota, ke ɗaurewa a manna ɗan tef zagaye.

Fenti na 2K ake so, mai haɗi da munashshif, wato maganin da ke sa shi ya taurare. Na gwangwanin feshi fetur na narkar da shi. Ga launi mara ƙyalƙyali, kamar farin Toyota mai lamba 040, ina fifita wanda ke fita da ƙyallinsa kai tsaye, don ya fi sauƙin gyara in sifana ta karce shi. Mai ƙyalƙyali dole sai launi sannan lamma, wato ruwan ƙyalli na sama. Ma'aunin haɗi yana jikin gwangwani, a bi shi da kofin awo, ban da ƙiyasi. Ka gaya wa mai shago munashshif da tina na zafi kake so, masu jinkirin bushewa. Mai saurin bushewa a yanayinmu yana bushewa tun a iska, ya sauka a ƙarfe da kaushi kamar samfefa.

Lokaci yana da muhimmanci. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne Jidda ke sassautawa, in da hali a kai feshin can. In bazara ce, da asuba danshi ya yi yawa, za ka ga gilashin motocin waje sun jiƙe, fenti a lokacin yana yin hazo fari-fari. Da tsakar rana kuma zafi ya yi yawa, ga dokar hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Hantsi ne daidai, bayan raɓa ta ɗauke. 'Yan'uwanmu na Makka danshinsu bai kai namu ba, zafinsu ya fi, su tinar ce za su fi kula da ita. Wanda ya iya hayar furun, ɗakin feshi mai tace iska, ya yi, kuɗin bai kai na sake aiki ba. A juye ruwan tankin kwamfaresa kafin a fara, a sa matatar ruwa kusa da bindiga.

Munashshif ɗin 2K yana ɗauke da sinadarin aizosayanet mai jawo asma wadda ba ta barin mutum. Takunkumin takarda ko rawani a hanci ba su tare shi. Mafi aminci shi ne takunkumi mai kawo iska ta tiyo, in babu, mai gwangwani biyu sababbi, da tabarau da riga mai dogon hannu da iska mai fita daga ɗakin. Na san manya a sana'ar nan da ba sa iya hawa bene ɗaya ba su tsaya ba.

Bindiga mai baki 1.3 ko 1.4, ƙarfin iska wajen bar 2 a agogon awo, nisa kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20. Gidan inji rami ne, ƙurar fenti tana juyawa a ciki ta sauka kan abin da aka riga aka fesa, don haka tsari ya zama daga wuya zuwa sauƙi: lunguna da ƙarƙashin hannuwan shasi da bayan tulluwar shokazoba tukuna, da ƙaramin feshi da ragin iska, sannan bangon baya, sannan gefuna daga ƙasa zuwa sama, filin da ido ke fara gani shi ne na ƙarshe. Kowane layi ya hau rabin na gabansa. Shafar farko sirara, a jira minti 10 zuwa 15 har in ka taɓa tef ɗin gefe ya yi danƙo bai biyo yatsa ba, sai ta biyu cikakkiya. Tiyon iska a rataye shi a kafaɗa, shi ne ke shafar ɗanyen fenti in ka sunkuya. In wani wuri ya yi hawaye kada ka taɓa, bari ya bushe kwana biyu a goge da 1500 a yi masa folish.

Mayar da kaya

Fenti yana bushewa a taɓa cikin sa'o'i, amma ƙarfinsa sai bayan kwanaki. In ba a gasa shi a furun ba, ba shi mako guda. Cikin makon nan akwai aiki: bayan kowane faci da aka yi wa walda ƙarfe ne ƙonanne, a shafe shi da ifoksi inda hannu ya kai, a fesa kakin hana tsatsa cikin hannuwan shasi. Inji ma a wanke shi, a sauya duk gasket da ke yoyo, in ba haka ba sabon gidan zai koma gidan jiya.

Wurin ɗaure wayar ƙasa a kankare shi har ƙarfe, a ɗaure, a shafa ɗan giris a kai. Da yawa cikin motocin da ke ƙin tashi bayan irin wannan aiki, ko fitilunsu su riƙa wasa, fenti ne ya shiga tsakanin waya da jikin mota. Ramin notin da fenti ya shiga a bi shi da abin gyara zare kafin a tilasta noti. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa sabuwar robar huji. Mai son ɓoye wayoyi ta cikin madigadi ya haɗa ƙarin da dalma ya rufe da robar da ke tsukewa da zafi, kuma ya nesanta su daga taya da salansa. Farantin tare zafi da ke kusa da bakin salansa kada a yar da shi don kyau, in babu shi fentin gefen zai yi rawaya ya tsage.

Ranar mayar da inji a lulluɓe gefuna da bargo da kwali, mutum uku: ɗaya a sarƙa, biyu suna jagora. A zuba man birki da tsumma a ƙarƙashin tukunya da gorar ruwa a kusa, in ya ɗiga a wanke nan take, ko 2K ba ya jure shi in ya daɗe. A fitar da iskar birki ƙafa huɗu, a zuƙe iskar bututun AC kafin a cika shi. Tashin farko a yi shi bonet a buɗe, ana duba haɗin fetur, abin kashe gobara a gefe.

Da kawu ya zo ɗauka, ya daɗe tsaye yana kallo, sannan ya shafa inda kujerar batir ta rufta da, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na roƙe shi abu uku: wata ɗaya kada a shafa wa fentin kaki, kada ya bari masu wanki su fesa masa abin ƙyallin nan, kuma duk Juma'a in ya duba mai da ruwa ya bi gefuna da ɗanyen tsumma. A farin fenti ɗigon mai ba ya ɓuya, wata biyu da fita ya dawo ya nuna mini wani ɗan jan tabo ƙarƙashin famfon sitiyari, muka sauya tiyon kafin ya fashe masa a hanyar Makka.